Kwalabe Biyu a Firizar Afiniki

Litinin, 1 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo daga Kafanchan. Huɗu.

Abin da ke takardar ke nan. Goma ake so. Malam Zubair, mai gwajin jini a lab ɗin da aka tura ni, ya zaunar da ni, ya juyo takardar wajena, ya ɗora yatsa a kan lambar kamar ban iya karatu ba.

"Baba, cutar ba ta jikinka, mu gode Allah. Amma rigakafin bai kama ba. Jininka bai amsa ba."

Na ce masa allura uku aka yi, ga kati.

"Na gani. Yakan faru. A cikin mutum ɗari, biyar zuwa goma ba sa amsawa, tsofaffi sun fi. Ga kuma suga kana da shi. Shekarunka nawa?"

"Saba'in da takwas."

"To ka gani."

Ban ga komai ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin dispensare, tun kafin a haife shi nake riƙe sirinji.

Bari in rubuta yadda maganar take, don kaina ya daina juya ta. Ɗana Francis yana kwance a falon ƙanwarsa Bernice a Kaduna. Ciwon hanta, irin wanda suke kira B. Ya ce gida yake so ya zo, nan Fadan Kagoma, ɗakinsa. Bernice nas ce, ita ta sa sharaɗi. Dasashinsa yana jini, wani lokaci yana amai da jini. Ni kuma hannuwana duk tsaga ne, suga ba ya barin ciwo ya rufe. Ni kaɗai ne a gidan, ni zan wanke shi. Ta ce, "Sai takarda ta nuna goma, Baba. Ba zan rasa mutum biyu ba."

Ban kira ta ba tukuna.

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Na share ɗakin Francis. Jiya ma na share kafin in tafi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Bernice ce ta kira. Na faɗa mata. 

"Huɗu? Bayan uku?"

"Haka yaron ya ce."

"Ba yaro ba ne, Baba, ya san aikinsa. To. Zan yi magana da likita."

Na tambayi jikin ɗan'uwanta. Ta ce da sauƙi. Duk gidanmu haka muke cewa. Uwarsu ma da sauƙi take cewa, har ranar da aka rufe ta.

Laraba, 3 ga Satumba, tsakar rana

Ruwa tun safe. Na zaga tsakar gida da lema sau nawa ban sani ba.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Afiniki maƙwabciyata ta shigo da kunu. Gwauruwa ce, tana sayar da zobo da kunun aya masu ƙanƙara a bakin titi, ita ce mai babbar firiza a layinmu. Bakinta ba ya hutawa.

"Baba Dispensa, ka rame fa. Francis yana zuwa ko ba ya zuwa? Zumuntar mata suna tambaya."

Na ce ana kan shiri.

"Wancan magani naka da ka ba ni ajiya, ya yi aiki kuwa? Ai na kula da shi kamar jariri. Can ƙasa na tura shi, inda sanyi ya fi..."

Na ce kunun ya yi tsami. Bai yi ba. Ta ɗauki kwanonta ta fita tana gunaguni, wai tsufa ya fara taɓa mini harshe.

Ban sha kunun ba kuma. Ban san dalili ba.

Asabar, 6 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Hammawa ya biyo da nono daga rugarsu. Shekara fiye da arba'in muna tare, shi da shanunsa, ni da allurata. Ya zauna a kujerar da yake zama, ya jingina sandarsa.

"Dispensa, an ce an auna ka an ga babu komai a ciki. Ai da ni ka tambaya, da na faɗa maka kyauta."

Na ce shi ma a auna shi, nono za a samu maimakon jini. Muka yi dariya. Daga nan ya tambayi Francis, ya ce, "Idonsa ya yi rawaya? Ciki ya kumbura?" Na ce haka aka ce. Ya dubi ƙasa.

"Haka Zakariyya ya yi."

Zakariyya ɗansa ne, sa'an Francis. Shekara huɗu da rasuwarsa. Tare suka yi ƙuruciya, tare ake kawo mini su idan zazzaɓi ya kama su.

Hammawa ya ce komai nufin Allah ne. Na ce haka ne. Na raka shi har bakin hanya, abin da ban saba yi ba, ƙafata ma ba ta so.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan sujada

Na zauna a baya. Ba na son bencin dattawa yanzu. Daga can ana ganin ƙofar ƙaramin ɗakin da muke taro, inda na faɗi abin da na faɗa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da aka fara gano ciwon a jikinsa. A gaban mutum shida na faɗa. Yana tsaye, hularsa a hannu. Tun ranar bai sake kwana a gidan nan ba.

A lokacin haka muka sani game da ciwon. Haka ake faɗa.

Fasto ya yi wa'azi a kan wani abu. Ban riƙe ba.

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Bernice. Ta ga likita.

"Ya ce idan an yi maka uku masu kyau kuma ba su kama ba, a shekarunka, sai a sake wasu uku daga farko. Wata shida, sannan gwaji. Kuma ko da haka ba tabbas."

"Babu wata iri mai ƙarfi?"

"Akwai wata sabuwa a ƙasashen waje, allura biyu kawai, an ce ta fi kama tsofaffi. Ina za mu gan ta a nan? Baba, Francis ba shi da wata shida. Ina ganin mu bar maganar. Ka zo ka gan shi, ka zauna a kujera, ka koma."

A kujera. Kamar baƙon da ya zo gaisuwa.

Ta ce, "Ni ma abin ya ba ni mamaki. Ta farko ni na yi maka da hannuna. Sauran biyun ai a kilinik aka yi, ko?"

Na ce layin ba ya da kyau.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na matsar da gadon zuwa jikin taga. Na mayar da shi inda yake.

Talata, 9 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe

Uku masu kyau. Haka ta ce. Masu kyau.

Talata, tsakar rana

Ba laifi ba ne mutum ya yi abin da ya iya. A zamaninmu zafi ne abokin gaban magani. Na ɗauki maganin rigakafi a ka, cikin akwati, daga tashar jirgi zuwa ƙauyuka, muna gudun rana kamar wuta. Sista Baturiya da ta koya mana kullum sanyi take cewa, sanyi, sanyi. Babu wanda ya taɓa ce mini sanyi ma yana yin yawa.

Ban ci abinci ba. Na yi allurar sugata dai.

Laraba, 10 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na hau acaba zuwa Kafanchan ba tare da kowa ya aike ni ba. Gwiwata tana biyan kuɗin yanzu. Na jira har mutane suka ragu, sannan na shiga wurin Malam Zubair. Ya fi sauƙi a faɗa wa wanda ba naka ba.

Ga abin da na faɗa masa, zan rubuta sau ɗaya.

A watan Janairu Bernice ta zo da kwalabe uku a cikin kula. Ta yi mini ta farko a kafaɗa. Ta ce in kai sauran biyun kilinik ɗin garinmu su ajiye a firij, su yi mini idan lokaci ya yi. Na je har ƙofa. Na ga yarinyar da ke aiki a wurin, jikar wani da na yi wa kaciya. Na juyo. Na kai wa Afiniki ta sa a firiza. Da lokacin ta biyu ya yi, na karɓo kwalbar kamar dutse, na narkar da ita a tafin hannuna, na tsaya gaban madubi na yi wa kaina a ɗuwawu, yadda aka koya mana. Ta uku ma haka, a watan Yuli. Katin ni na cike, na sa hannu da wani rubutu.

Malam Zubair bai yi dariya ba. Na so ya yi, da na samu abin jin haushi.

"Da ka narkar, yaya ruwan yake?"

Na ce akwai ɗan gari-gari da ke kwanciya a ƙasa. Na girgiza sosai.

"Ya tsinke ke nan, Baba, kamar madara. Wannan irin idan ya daskare sau ɗaya ya mutu, girgiza ba ta tayar da shi. Kuma a ɗuwawu kitse yake shiga, ba nama ba. Ba a yin ta a can." Ya jawo kwafin takardata, ya daɗe yana kallo. "To ai labari ya canza. Idan uku ne suka ba da huɗu, jinin ya yi nauyin kunne. Amma idan guda ɗaya ce tak ta ba da huɗu, kuma bayan wata bakwai, wannan jinin yana ji. Kira ɗaya aka yi masa. Ka faɗa wa 'yarka yau."

Na ce ko zai faɗa mata a madadina.

"A'a, Baba. Ni jini nake aunawa."

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe tara na safe

Na ɗauki waya. Na ajiye. Na je na duba cittar bayan gida, ba ta bukatar dubawa.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Na faɗa mata.

Ban taɓa jin muryar Bernice haka ba. Da Hausa ta fara, ta koma Turanci, ta ƙare da yarenmu, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci.

"A cikin zobo, Baba? A cikin zobo! Na sha wahala na kawo maka abu da sanyinsa daidai tun daga Kaduna, ka kai wa mai kunun aya! Ka kuma cike kati! Wata takwas! Ka san me wata takwas yake a wurin Francis?"

Na ce na sani.

"Ba ka sani ba. Kai kullum ka sani. Matsalarmu ke nan a gidan nan tun muna yara."

Ta kashe. Bayan awa biyu ta sake kira, muryarta a bushe, kamar tana magana da majinyaci. Likita ya ce a yi mini ninki biyu a zama ɗaya, irin yadda ake yi wa masu ciwon ƙoda, a kafaɗa. Bayan sati huɗu a auna. Idan ya kai goma, Francis ya zo, a ƙarasa sauran daga baya. Idan bai kai ba, shi ke nan.

"Ni zan zo in yi. Kada ka taɓa komai."

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta zo, ta yi, ta tafi. Ko kwana ba ta yi ba, babu mai zama da Francis. Ta ɗaga kwalaben a haske ta girgiza ta nuna mini, ruwan fari sumul, babu abin da ya kwanta. Ta tattara ɗan naman da ya rage a kafaɗata da yatsu biyu. Hannunta yana da sauƙi. Ban faɗa mata ba.

Ta leƙa ɗakin Francis, ta ga gado a gyare, ta ja ƙofar a hankali.

Da za ta hau mota ta ce, "Ka ci ƙwai. Ka ci wake. Jini ba ya aiki da shayi."

Sati huɗu da kwana biyu. Litinin, goma sha uku ga Oktoba.

Lahadi, 14 ga Satumba, da safe

Kafaɗa ta kumbura, tana zafi. Na ji daɗi. Waɗancan biyun ko ƙaiƙayi ba su yi ba.

Talata, 16 ga Satumba, tsakar rana

Zafin ya tafi. Ina ta danna wurin ko zai dawo.

Alhamis, 18 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Afiniki ta ji. Ban san ta ina ba. Ta shigo hannu a ƙugu.

"Wato firizata ce ta kashe magani? Baba Dispensa, ka ji tsoron Allah. Kai ka ce a sa inda ya fi sanyi. Ni na yi makarantar likita? Yanzu za a ce Afiniki ta hana Francis zuwa gida."

Na ce babu wanda zai ce haka, laifina ne.

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. "Maimaita. Shekara ashirin ina maƙwabtaka da kai ban taɓa jin wannan ba. Bari in kira mutane su zo su ji."

Ta dawo da ƙwai shida dafaffu. Ta zauna sai da na ci biyu a gabanta.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Ina neman zanen gado a akwatin marigayiya sai na ci karo da gwangwanin. Na ɗauka na jefar da shi tun tuni. Sirinjin gilashi, tsinin allura uku, ɗan almakashi. Da shi nake taimakon mutane a gida bayan an tashi aiki, don dispensare yana da nisa, mutane kuma ba su da hali.

Ina tafasawa. Kowa ya san ina tafasawa. Ƙaramar tukunyar tana nan har yanzu.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Shekarar da zazzaɓi ya yi yawa, layi yakan kai bakin rijiya. Uwaye da goyo, wasu tun daga ruga. Tsini uku ne. Itace jiƙe. Yaro yana sanƙarewa a hannun uwarsa, za ka ce mata ta jira ruwa ya tafasa?

Yawanci ina tafasawa.

Litinin, 22 ga Satumba, da rana

Na tuna abin da na tambayi Malam Zubair ran nan ina bakin ƙofa, ban rubuta ba. Na ce yaya mutane suka fi ɗaukar ciwon nan. Ya ce, "Waɗanda ya zauna musu a jiki har ya cinye hanta, yawancinsu tun suna yara ne, Baba. Wurin haihuwa, ko aska, ko allura." Yana wanke hannu ya faɗa, ko juyowa bai yi ba.

Tun suna yara.

Francis. Zakariyya. Ɗan mai gyaran keke da aka ce sammu ne. Yarinyar nan ta gidan katikis ɗin cocinmu. Na daina lissafi. Ba ni da hujja. Akwai wanzamai a lokacin, akwai masu tsaga, kowa da askarsa.

Na share ɗaki.

Laraba, 24 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Waya ta yi ƙara, lambar Bernice. Na ce, "Yaya jikinsa?"

"Jikinsa yana gaishe ka."

Shi ne. Muryar ta yi siriri, amma shi ne. Na zauna a kan turmi don shi ne kusa.

"Baba Dispensa. An ce ka sa allura a cikin zobo."

Na ce kusa da zobo ne, ba ciki ba.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Na ji Bernice tana cewa ya isa. Ya ce, "Mangwaron bayan ɗakina yana nan?" Na ce yana nan. "Sabuwar doya ta fito?" Na ce ta fito. "To ka gaya wa jininka ya yi sauri. Falon nan fanka ne kawai da talabijin, na gaji da kallon silin."

Bai ambaci komai ba. Ni ma ban ambata ba. Minti huɗu.

Juma'a, 26 ga Satumba, da safe

Ƙwai biyu. Wake. Ina magana da kafaɗata kamar mahaukaci.

Litinin, 29 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

Na je Kafanchan in roƙi a auna yanzu. Malam Zubair ya ce sati biyu ya yi kaɗan, idan lamba ta fito ƙasa zan tayar da hankalin kowa a banza. Na ce ni ma ma'aikacin lafiya ne. Ya ce, "Shi ya sa za ka jira." Ya sa aka tsayar mini da ɗan acaba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, tsakar rana

Bernice ba ta ɗauka.

Juma'a, 3 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ba ta ɗauka.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Na sa riga, na ɗauki jaka, na kai bakin titi. Motar Kaduna ta tsaya. Na ce ta wuce. Idan na je na zauna a kujera, za a ce ai ya gan shi, magana ta ƙare. Idan ban je ba kuma...

Na dawo. Jakar tana bakin ƙofa.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Saƙo ya shigo daga Bernice. An kwantar da shi tun Laraba, an cire ruwa a cikinsa, ya yi jini amma an tsayar. "Da sauƙi."

Hammawa ya zo ya tarar da ni da waya a hannu. Bai yi tsokana ba yau. Na buɗe baki in ce masa wani abu game da Zakariyya. Na ce nonon ya yi kyau.

Litinin, 6 ga Oktoba

Saura kwana bakwai.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

An sallame shi. Ya sha kunu rabin kofi. Saura biyar.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan sujada

An yi addu'a domin marasa lafiya, aka kira sunansa. Biyu daga cikin mutum shidan nan suna raye, suna bencin gaba. Ɗaya ya juyo ya dube ni. Na tashi tsaye ban shirya ba. Fasto ya dakata. Na ce, "Ɗana Francis ba mazinaci ba ne. Ni na faɗa, ban kuwa sani ba." Na zauna. Sai wata daga zumuntar mata ta ta da waƙa don a rufe.

Rabi na faɗa. Na san rabi ne.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

An ɗebi jini. Jijiyata ta ɓuya, sai a karo na uku. Ban nuna masa inda zai soka ba, ko da yake na sani. Sakamako jibi.

Talata, 14 ga Oktoba

Na share. Na wanke bokiti. Na share.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu

Ashirin da shida.

Malam Zubair ya fito da kansa har waje da takardar. "Baba, tsohon jini ya amsa." Na ce ya karanta mini, idona ba ya gani. Ya karanta, ya kira Bernice da wayarsa ya sake karantawa. Na ji ta tana cewa, "Ka tabbata? Ba shi ya rubuta ba?"

Asabar za su zo, idan ya iya zama a mota.

Idan.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sun iso wajen ƙarfe biyu. Direba da Bernice suka fito da shi. Ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ciki a gaba, sauran jiki ƙashi. Ya tsaya a tsakar gida yana riƙe da kafaɗar ƙanwarsa, ya dubi ko'ina, ya ce, "Gidan ya ƙanƙance." Afiniki tana leƙe ta katanga tana kuka da ƙarfi, ya ce mata, "Mama, a ajiye mini zobo, amma wanda babu allura."

Hanya ta wahalar da shi, ya ɓata jikinsa a mota. Na ɗora ruwa. Bernice ta fito da kwalin safar hannu ta ajiye a kan tebur, ta dube ni, tana jiran gardama.

"Ashirin da shida ba lasisi ba ne, Baba. Za ka sa. Kullum."

Na ce, "Nuna mini yadda ake cirewa."

Ta daɗe tana kallona. Ta nuna mini. Na yi kuskure, ta sake nunawa.

Na zaunar da shi a kan kujerar katako a bayan ɗaki. Bernice ta ba mu wuri. Na cire masa riga. Bayansa duk tabo ne, fata kamar takarda. Na tsoma tawul, na riƙe, ban ɗora ba. Na ce, "Francis, akwai maganar da zan faɗa maka. Lokacin da kuke yara, kai da Zakariyya..."

Bai juyo ba.

"Baba, ina nan gobe. Ina nan jibi, in Allah ya yarda. Ruwan zai huce."

Na wanke shi. Na fara daga wuya.